Mai ciwon sukari a garin alewa da askirim: abin da ya kamata ku sani kafin zuwa tsibirin Makino

Idan kuna zaune a Amurka, ko kun je ziyarar 'yan'uwa a jihar Mishigan a lokacin zafi, mai yiwuwa a ce za a kai ku tsibirin Makino. Tsibirin yana cikin tafkin Huron, kuma ya yi suna da wata alewa da ake kira faj. Tun shekarar 1887 gidan Murdick's ya fara sayar da ita a can, yanzu kuwa shagunan alewa da na askirim a jere suke a babban titin garin, daf da inda jirgin fito yake sauke mutane. Wannan bayani na mai ciwon sukari ne da iyalinsa. Abin da ke ciki ya shafi duk wani garin shaƙatawa na bakin tafki mai irin waɗannan shaguna.

Mece ce faj, kuma sukari nawa ke cikinta?

Faj ta yi kama da tuwon madara, sai dai ta fi shi laushi da maiƙo. Ana dafa sukari da madara ko kirim da bota har zafinsu ya kai kimanin digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Salshiyas, a zuba a kan teburin dutsen mabul, a yi ta juyawa da faffadan ƙarfe har ta daskare. A gaban jama'a ake wannan aiki, ƙamshin yana fitowa har titi, ana kuma miƙo muku ɗanɗano kyauta.

A kowane giram 100 na faj mai cakulan akwai sukari kimanin giram 70. Yanka ɗaya da ake sayarwa a tsibirin yakan kai rabin fam, wato kimanin giram 225. Ke nan sukarin da ke cikinsa ya kusa giram 160, daidai da cokalin shayi 40. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, ko cokali 12. Yanka ɗaya ya haura kason kwana uku na mai lafiya, balle mai ciwon sukari.

Askirim bai kai faj sukari ba. Rabin kofi na mai banila yana da kimanin giram 14. Matsalar ita ce abin da ake ɗebo muku a shago yakan ninka rabin kofi, ga mazubin biskit ɗin da ake ci, ga cakulan ko karamel da ake kwararawa a kai.

Za ku iya ɗanɗanawa?

Yawancin masu ciwon sukari da awonsu yake daidai za su iya, in sun tsara abin tun daga gida. A ganinmu hana mutum gaba ɗaya a irin wannan wuri ba ya cika aiki, domin sau da yawa sai ya ci a ɓoye, kuma abin da aka ci a ɓoye ba ya shiga lissafi.

Gutsuren faj mai giram 20, wanda bai wuce girman babban yatsan hannu ba, yana da kabohaidiret kimanin giram 15, kamar yankan burodi ɗaya. Ku ci shi bayan abinci, ba da yunwa ba, ku rage shinkafa ko dankali ko burodin wannan abincin gwargwadonsa, ku sha ruwa maimakon lemon kwalba. Ku zaɓi ɗaya, ko faj ko askirim. Sannan ku riƙa ƙirga ɗanɗanon kyauta. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa: an shiga shago biyar, an karɓi ɗan gutsure a kowanne, an fito ana cewa ai ba a ci komai ba.

Akwai wani abu game da waɗannan kayan zaƙi da ya bambanta su da lemo. Maiƙon bota da kirim yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, don haka sukarin yana shiga jini a hankali kuma yana daɗewa. Kuna iya aunawa bayan awa ɗaya ku ga lamba mai kyau, bayan awa uku ko huɗu kuma ta haura. Saboda haka ku auna bayan awa biyu, ku sake aunawa kafin barci. Ga yawancin manya ana so awon awa biyu bayan cin abinci ya kasance ƙasa da 180 mg/dL, wato 10 mmol/L. Na'urorin awo na Amurka da mg/dL suke nunawa. In kun saba da mmol/L, ku raba lambar da 18.

Idan kuna allurar insulin da ake lissafa ta da yawan abinci, ku tambayi likitanku kafin tafiya yadda za ku yi da abu mai sukari da maiƙo a haɗe. Kada ku ƙara wa kanku ƙwaya ko allura don kawai kun yi niyyar cin alewa.

Wasu shaguna suna da faj ko askirim da aka rubuta babu sukari a ciki. Galibi da maltitol ko sobitol ake yin su. Maltitol yana ɗaga sukarin jini, ko da bai kai sukari ba, kuma dukansu biyu suna kawo kumburin ciki da gudawa in an ci da yawa.

Haɗarin da ake mantawa da shi: faɗuwar sukari

Tun 1898 aka hana motoci a Makino, in ban da na agajin gaggawa da makamantansu. Da ƙafa ake yawo, ko keke, ko keken doki. Hanyar da ta kewaye tsibirin kimanin kilomita 13 ce, kuma baƙi da yawa suna zagaye ta a keke. Tafiya bayan cin abinci tana rage hawan sukari, wannan alheri ne. Amma ga mai allurar insulin, ko mai shan glibenclamide ko gliclazide, yini guda na motsa jikin da bai saba ba yana iya faɗar da sukari, wani lokaci ma sai cikin dare. Metformin shi kaɗai ba ya cika jawo haka.

Alamomin su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri ko ruɗewa. In awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ku sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayoyin gulukos, ko rabin kofin ruwan 'ya'yan itace, ko cokalin cin abinci ɗaya na sukari ko zuma. Ku jira minti 15 ku sake aunawa, in bai hau ba ku maimaita. Faj da askirim da cakulan ba su dace da wannan aiki ba, saboda maiƙon nan da muka ambata. Ku sa gulukos a aljihu kafin ku hau keke, domin da zarar an bar cikin gari shaguna sun yi ƙaranci. Wanda ya suma ko ya kasa haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a ba shi glucagon in akwai, a kira 911.

Haka kuma a nemi taimakon gaggawa idan sukari ya haura 250 mg/dL tare da amai, ciwon ciki ko numfashi da sauri, musamman ga mai nau'i na 1. Akwai ƙaramar cibiyar lafiya a tsibirin, amma babbar matsala sai an ƙetare ruwa da majiyyaci.

Tunda motarku za ta tsaya a bakin gaɓa, a garin Makino Siti ko Sent Ignas, kada ku bar magani a cikinta. Mota a rufe cikin rana tana yin zafin da ke lalata insulin da tsinken awo. Insulin da ake amfani da shi ba a so ya wuce digiri 30, kuma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye a jakar sanyi, domin daskarewa ma tana kashe shi. Ku riƙe fiye da abin da kuke buƙata, ko da iska ta jinkirta jirgin komawa.

Sauran 'yan gida

Mai alajin gyaɗa ko goro irin su walnot da fikan ya yi hattara sosai. A shago ɗaya ake yin mai gyaɗa da marar gyaɗa, sau da yawa a kan teburi ɗaya da wuƙa ɗaya, haka ma ludayin askirim. Ku tambaya kafin ku karɓi ɗanɗano, kuma allurar adrenalin ta kasance a jikinku in an rubuta muku ita. Kumburin leɓe ko harshe, ko wahalar numfashi, na nufin a yi allurar nan take a kira 911.

Yaron da bai kai shekara 2 ba ba a ba shi abin da aka ƙara wa sukari. Alewa mai tauri da mai danƙo tana iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 4. Wanda madara ke murɗa wa ciki ya san askirim zai yi masa haka. Ga mai kula da halal kuma, alewar mashmalo da ake sawa a wasu nau'o'in galibi da jelatin na alade ake yin ta a Amurka, wasu kuma akwai giya a cikinsu, don haka a tambayi mai shago.

Shagunan sukan yi rangwame ga mai sayen yanka da yawa, sai a dawo gida da kwali cike. In za ku yi tsaraba, ku raba ta ranar da kuka dawo. Abin da ya rage ku yanka shi gutsure-gutsure na giram 20, ku naɗe kowanne daban ku sa a firiza, inda zai yi watanni bai lalace ba.