Yadda Mutanen Bashkir Suka Riƙa Ɓoye Jariri Daga Mutuwa

Mutanen Bashkir suna zaune a kudancin duwatsun Ural a ƙasar Rasha. Babban birninsu Ufa ne, harshensu kuwa dangin Turkanci ne. A dā makiyaya ne, masu dawakai da kiwon zuma. A shekara ta 922 Ahmad ibn Fadlan, jakadan Halifan Bagadaza, ya ratsa ƙasarsu. Ya rubuta cewa waɗansunsu suna da alloli 12, wato na ruwa, da na dare, da na dawakai, da na mutuwa, da sauransu, amma na sama ya fi su duka. Waɗansu kuma suna yi wa macizai da kifaye sujada.

Musulunci ya kafu a cikinsu sannu a hankali, musamman tun zamanin Sarki Uzbek wanda ya hau mulki a 1313. Tsafin ya gushe daga fili, amma ya daɗe a ɗakin haihuwa, gama a can ne tsoro ya fi yawa. Jarirai suna mutuwa ƙwarai, mutane kuwa suka ɗora laifin a kan kambun baka da miyagun iskoki, musamman wata aljana da ake kira Albasti.

Sa'ad da naƙuda ta yi tsanani, sai ungozoma ta sa a kwance kitson macen, a buɗe makullai, domin hanyar ɗan ta buɗe. Ita ce mai yanke cibiya, saboda haka ake ce da ita kakar cibiya, ana kuwa girmama ta muddin ranta. Nan take takan laƙa wa jariri sunan wucin gadi, gama an gaskata iskoki sukan musanya yaron da ba shi da suna. Mabiyiya kuma a wanke ta, a naɗe, a binne a inda ba wanda zai taka.

Kwana 40 na fari su ne masu hatsari. Ba a barin jariri shi kaɗai. Akan sa wuƙa ko almakashi a ƙarƙashin matashinsa, a shafa masa baƙin tukunya a goshi, a ɗinka wuri a hularsa.

Gidan da ake wabi ya fi kowa dabara. Akan miƙa jaririn ta taga ga wata mai 'ya'ya da yawa, kamar an sayar, sa'an nan a sake sayensa, a shigo da shi. Nufinsu mutuwa ta zaci ɗan wani gida ne, ta wuce. Waɗansu sukan zura shi ta busasshiyar fatar bakin kyarkeci. Har sunaye ma kāriya ne: Ulmasbai, wato ba zai mutu ba, Satibaldi kuwa, wanda aka saya.

Bayan wannan duka, sai liman ya zo ya yi wa yaron kiran salla a kunne, ya raɗa masa suna na gaskiya. Haka addini da al'ada suka zauna a ɗaki ɗaya shekaru aru-aru.

A zamanin Tarayyar Sobiyat haihuwa ta koma asibiti, aikin kakar cibiya ya ragu, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma waɗansu sunayen sun wanzu, sun zama sunayen zuriya, suna shaidar yadda iyayen dā suka yi faman riƙe 'ya'yansu.