Daga Durumin Maigarke Zuwa Gindin Dutsen Wusasa

Kakata ta wajen uwa a Wusasa aka yanke mata cibiya, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta yarda akwai majami'ar da ta kai tsohuwar majami'ar ƙasa ta garinsu kyau ba. Ina ɗan shekara tara ta kama hannuna ta shigar da ni. Waje rana na dukan ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar randa. Ta nuna mini bakan gizon da ya tallafe rufin, irin wanda ake gani a soron sarakuna, ta ce, "Jikana, magina Hausawa ne suka ɗora wannan, da laka da azara." Tun ranar nake bin diddigin yadda aka yi Bahaushe mai bin Almasihu ya sami gari nasa a gefen ganuwar Zazzau.

Labarin ya faro ne da kora. A shekarar 1900 wata tawagar Turawan mishan ta CMS su biyar, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta taso daga Ikko ta isa Kano ba tare da an gayyace ta ba. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya ce su tattara su bar masa gari. Suka juyo kudu suka yada zango a Girku, inda ɗayansu ya rasu. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda mutanenmu suka riƙa kira Likita Mila. Tun kafin ya tako ƙasar nan sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan da ke can ya koyi harshen. A 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara maza.

Ƙarfin hali kam Likita Mila yana da shi har ya yi yawa. Ba ya tsoron sarki, ba ya tsoron Razdan. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka mai wa'azi a tsakiyar birnin Musulmi ƙaya ne a ƙafarsu, shi kuwa ya ƙi gusawa. Ina girmama shi a kan wannan, ina kuma girmama shi a kan shekarun da ya ƙarar yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da malaman Hausawa da abokan aikinsa na sauran mishan, har aka buga shi cikakke a 1932. Amma gaskiya ɗaya ce, harshensa na da kaifi. Ya tsoma hannu cikin sha'anin sarauta, ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi wurin Turawa, sarkin da a zamaninsa ya sami wurin zama a birnin, kuma daga baya aka tuɓe sarkin aka kai shi Lokoja. Ko da a ce wasu ƙorafe-ƙorafen nasa na da tushe, mutumin gari da ya ga haka ba zai ƙara kallon mai maganin da idon da ba. Bayan shekaru masu yawa na wa'azi, waɗanda suka karɓi baftisma daga cikin birnin ba su taka kara sun karya ba.

Ƙofar da ta buɗe ba shi ya ƙwanƙwasa ta ba. Tun a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa nazari a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai suna ɗaukaka shi suna jiran dawowarsa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka bazu cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila da ƙafarsu suna neman ƙarin bayani a kan Isan nan da iyayensu suka sha wuya dominsa. Ba duka Isawa suka zama Kirista ba, da yawa sun ci gaba da zamansu yadda suke. Waɗanda suka karɓa sai suka taru a Gimi, suka kafa ƙauye, suka yi gonaki da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu ya yi ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. Duk lokacin da na tuna Gimi zuciyata takan yi nauyi. Mutane ne da suka bar dangi saboda abin da suka gaskata, suka binne 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, amma ba su juya baya ba.

Wajen 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa gindin dutsen Wusasa. Likita Mila bai so ƙaurar ba, yana ganin ja da baya ne, ya koma Kano da aikin fassararsa, ya kuma rasu a 1952. A ganina a nan ne bisharar ta koyi tafiya irin ta ƙasar. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, aka buɗe asibitin St. Luke da makarantu. Mata daga birni da ƙauyuka suka riƙa zuwa haihuwa, ba wanda ya tambaye su addininsu kafin a ba su gado.

Kakata ta yi aikin jinya a ɗakin haihuwa, kuma daga bakinta na ji yadda suke yi. Ta ce da safe akan yi addu'a da ɗan karatu a fili, wanda ya ga dama ya saurara, wanda bai so ba ya juya fuskarsa bango, ba mai ce masa uffan. In mace ta tambaye ta dalilin da ya sa take wanke jinin wadda ba ta haɗa komai da ita ba, a nan take faɗin sunan Yesu, ba ta rage murya, ba ta kuma ƙara gishiri. In ba a tambaya ba, sai ta ɗaura wa jariri zane ta yi barka. Masu bishara da ke fita ƙauyukan Maguzawa a ƙafa ko a keke su ma suna da ƙa'idarsu. Ba a shiga gari sai an fara gaida mai gari. A tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi da yadda damina ta yi, a sha ruwan da aka kawo, a ci tuwon da aka ajiye. Sai an natsu a gindin bishiya sannan a buɗe littafi. Wanda aka ce masa ya tashi, yakan yi godiya ya tashi, ya dawo wata kasuwar ya sake gaisuwa. Kakata takan ce da lallami ake fitar da ƙaya, amma fa sai an taɓa wurin da take.

Abin da ƙaramin garin nan ya haifa sananne ne. Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da 'yan'uwansa Musulmi. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya tashi, ɗan mai bishara ne Ba'angashe. Dukansu sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Musulmi, ba su kuma ɓoye ko su wane ne ba.

Ban ce zaman ya kasance lami lafiya kullum ba. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da yawa. Bayan haka na ga wasu daga cikinmu sun kulle baki gaba ɗaya saboda tsoro, wasu kuma suka ɗauki lasifika suka mai da wa'azi ramuwar gayya, suna zagin abin da maƙwabcinsu ya fi ƙauna. Duka biyun suna ba ni baƙin ciki, don ba haka tsofaffin nan suka bar mana ba.

'Yan'uwana matasa masu fita bishara a tasha da kasuwa, roƙona gare ku shi ne ku je Wusasa. Ku shiga majami'ar ƙasar nan ku zauna, sannan ku nemi dattawan da suka rage, maza da mata, ku gaishe su, ku tambaye su yadda iyayensu suke shiga gari da yadda suke fita. Ku ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai.