Harin Ningawa A Kudancin Kano

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya kama hanyar Jos, in ya wuce Tudun Wada sai ya faɗa dajin Falgore, gaba kuma ga duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa. Ƙasa ce mai albarka, ga ruwa ga makiyaya. Amma a zamanin sarakunan Fulani, wajen shekara hamsin mutanen wannan yanki ba su sami barcin kirki ba, saboda harin Ningawa.

Abin mamaki, waɗanda suka kunna wutar nan Kanawa ne. Wajen shekarar 1846, farkon sarautar Sarki Usman ɗan Dabo, waɗansu malamai na Tsakuwa, babbansu Malam Hamza, suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, don a ganinsu bai kamata a aza wa malamai shi ba. Da abin ya yi zafi sai suka yi ƙaura, suka hau duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa. Su kuwa mutanen duwatsun nan da ma suna da tasu ƙullalliya, gama an daɗe ana kai musu hari ana kama 'ya'yansu bayi. Malamai suka haɗa kansu, suka zama shugabanninsu. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san magana kan tashi daga kuɗi kaɗan, amma ba safai takan kai inda wannan ta kai ba.

Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, shi ya fi kowa fama da su, musamman da shugabansu Ɗan Maje. To, mai karatu zai ce, ina Ningi ina ja da Kano? Gaskiya ne, a fili ba su iya tsayawa gaban dawakin Kano. Sai dai ba su yarda a gamu a fili. Da rani sukan sauko ƙungiya ƙungiya, su faɗa wa ƙauye da asuba, su kwashe mutane da shanu, kafin labari ya kai birni sun koma. In Sarki ya bi su, doki mai lifidi ba shi da amfani a kan dutse, mai baka guda a bayan pa ya isa ya tsare barade goma. Rundunar kuma yawancinta manoma ne, da an ga hadari ya fara haɗuwa hankalin kowa ya koma gona. In an ƙone rumbunan mutanen duwatsu don a hore su, wanda jiya ba ruwansa da yaƙi yau ya ɗauki kwari da baka.

Dabarar da ta fi amfani ita ce ribaɗi, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa sarakuna wasiyya da ita, wato a gina garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalinsu, suna noma suna tsaro. Haka Tudun Wada da Rano da Takai suka zama garkuwar Kano ta kudu. Ribaɗi ya rage ɓarna, bai kashe ta ba, gama ganuwa gari take tsarewa, ba gona ba. Da Basasa ta tashi a 1893, Takai ɗin nan da aka ƙarfafa don Ningawa, ita ta zama sansanin Yusufawa, daga can aka taso wa birni.

Turawa suka ci Bauchi a 1902, a shekarar nan kuma mulkin Ɗan Yaya na Ningi ya ƙare. Ran 1 ga Fabrairu, 1903, Kanar Molan da sojansa, da suka taso daga Zariya, suka iso Bebeji. Aka rufe ƙofa aka ƙi buɗewa. Suka harba igwa, ƙofa ta tarwatse, Sarkin Bebeji ya mutu. Ran 3 ga wata suka shiga Kano.

Cin gari bai ɗauke su mako guda ba, amma riƙonsa wani abu ne dabam, Gwamna Lugga kuwa ya san mutanensa ba su da yawa. Saboda haka bai rushe sarauta ba. Ya naɗa Abbas Sarkin Kano, aka bar alƙalai da shari'arsu, bayan 'yan shekaru aka fitar da hakimai daga birni kowa ya je ya zauna a ƙasarsa. Ningi kuma ba a danƙa ta ga Kano ba, aka bar ta da sarkinta, aka hana cinikin bayi wanda shi ne ribar hari. Ni a ganina waɗannan sun fi igwa kwantar da kudancin Kano, ko da yake talaka bai huta da haraji ba. Amurka ta ci Kabul cikin 'yan makonni a 2001, ta shekara ashirin tana neman kafa hukumar da mutanen ƙauye za su yarda da ita, ta fita a 2021, Taliban suka koma kan mulki.

Dajin kuwa yana nan inda yake. A 'yan shekarun baya ɓarayin shanu suka mai da Falgore maɓoyarsu, suna tare matafiya a hanyar Jos, har a 2017 aka kai soja cikinsa don su fatattake su.