Masaƙar da ke Cikin Ƙasa: Yadda Aka Gano Sirrin Folikitaid



Da yawa daga cikinmu mun sha maganin eritromaisin, amma kaɗan ne suka san cewa wata ƙwayar bakteriya mazauniyar ƙasa ce ke saƙa shi. Tarihin yadda aka gane irin saƙar tata shi ne jigon jawabina.

A shekarar 1907 wani masanin sinadari a Ingila, Norman Collie, ya raɗa wa wani jinsin sinadarai suna folikitaid. Zatonsa shi ne ana gina su da ƙananan gaɓoɓi masu kama da juna, ana jera su kamar 'ya'yan carbi. Zancen ya kwanta sai a 1955, lokacin da Arthur Birch, ɗan Ostireliya, ya ciyar da wata fumfuna sinadarin asitet mai alama, ya kuma iske alamar a wuraren da ya ƙaddara. Kafin nan, a 1952, kamfanin Eli Lilly ya fito da eritromaisin daga ƙasar da aka ɗebo a Filifin.

An san zaren ke nan, saura masaƙar. Wa ke faɗa wa ƙwayar gaɓa nawa za ta jera, da inda za ta tsaya? Amsar ta fito a 1990 da 1991, daga Peter Leadlay a Jami'ar Kambirij da Leonard Katz a kamfanin Abbott na Amurka. Sun iske manyan inzayim 3, ɗauke da tashoshi 6 a jere. Kowace tasha takan zaɓi gaɓa ɗaya, ta ɗaura ta a kan sarƙar, ta gyara ta, sannan wani hannu ya miƙa wa ta gaba. A ƙarshe sai a yanke sarƙar, a naɗe ta zobe mai ƙwayoyin atom 14, wasu inzayim su liƙa masa sukari 2. Abin mamakin shi ne, jerin tashoshin shi ke fayyace siffar maganin, har mai karatun gadon ƙwayar ya iya hasashen abin da za ta saƙa.

Nan da nan masana suka yi kwaɗayin sauya tashoshi don ƙera sababbin magunguna. A 2001 ƙungiyar Chaitan Khosla a Jami'ar Stanford ta dasa masaƙar a cikin bakteriyar E. coli, ta kuwa yi aiki. Sai dai musayar tashoshi ta yi wuya, domin sau da yawa tasha takan ƙi karɓar sarƙar da ba ta saba da ita ba, aikin ya tsaya ko ya ragu ƙwarai.

Kada a ɗauka zancen ya yi nisa da mu. Masaƙa irin wannan, mai tashoshi 12, ita ke gina abamektin a cikin ƙwayar da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan. Daga gare shi William Campbell da abokansa suka samar da aibamektin, wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987 don yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Mutanen biyu sun sami kyautar Nobel a 2015. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Saboda haka, ɗalibai, ƙasar da kuke takawa ta cancanci a duba ta da idon bincike.