BINDIGA A ƘASAR KANO: DAGA BAYIN SARKI ZUWA MAHARBAN KURCIYA

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun bindiga a ƙasar Kano, musamman ɓangarenmu na kudu, watau Rano da Kibiya da ƙauyukansu irin su Saji, inda aka yanke mini cibiya. Yawancin samari 'yan'uwana sun ɗauka adakar da suke gani a kafaɗar mafarauta gado ce tun kaka da kakanni. Ni kuwa abin da na fahimta daga littattafai shi ne, bindiga ta daɗe a fada, amma baƙuwa ce a hannun talaka.

Mu fara da sunan. Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, "bunduƙiyya", kamar yadda muka ari albarushi daga "al-barud" da harsashi daga "ar-rasas", watau darma. Wasu masana sun danganta kalmar da birnin Banis na Italiya, wanda Larabawa ke kira da wannan suna. Wasu kuma sun ce asalinta "bunduƙ" ne, wani ɗan itace mai ɓawo, wanda aka ara wa 'yan dunƙulallun ƙwayoyin yumɓu da Larabawa ke harbin tsuntsaye da su da wani irin baka tun kafin albarushi ya iso musu. In wannan magana ta biyu ce daidai, ashe bindiga ta fara ne da harbin tsuntsu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake tarar da shi a gaba.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci bindiga a wurare uku da suka shafe mu. Na farko shi ne zamanin Sarki Dauda (1421-1438), inda aka ce wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya zo Kano da tambura da tutoci da bindigogi. Wannan magana tana da wuyar haɗiyewa. A wannan lokaci ko a Turai bindigar hannu tana rarrafe ne, kuma shi kansa littafin sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi, saboda haka ba mamaki marubucin ya ɗora wa Dagaci kayan da ya saba gani a hannun sarakunan zamaninsa. Abin da ya tabbata shi ne, a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta, kuma a 1591 rundunar Maroko ta karya Sanwai a Tondibi da bindiga. Watau maƙwabtan Hausawa na gabas da na yamma duka sun ji ƙarar albarushi kafin 1600.

Ambato na biyu shi ne zamanin Kumbari (1731-1743), lokacin da aka ce an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe. Wannan ya fi kama hankali, gama ta Nufe kayan Turawan bakin teku ke hawowa arewa. Na uku kuwa shi ne Babba Zaki (1768-1776), sarkin da aka ce shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A lura, masu tsaron sarki aka ce. Ba a ce rundunar yaƙi ba.

Da jihadi ya tashi a 1804, ba bindiga ce ta ci shi ba. A Tafkin Kwatto jama'ar Shehu da kwari da baka suka kori dawakin Gobir masu lifidi. Bindigar da aka fi tunawa a wannan tarihi ma ita ce wadda ake cewa Yunfa ya ɗana wa Shehu a Alƙalawa, ta juyo ta ƙone shi. Shekara ashirin da biyu bayan haka, a 1826, Baturen nan Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya, ya ga mayaƙa dubbai, amma bindigogin da ya ƙirga ba su wuce arba'in da 'yan kai ba.

Me ya sa haka? Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ɗura adaka. Sai ya zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya zuba duwatsu ko gutsattsarin ƙarfe, ya sake dannawa, sa'an nan ya gyara ƙanƙara ya ɗana kunama. Kafin ya gama, gwanin baka ya saki kibiya biyar ko shida. In raɓa ta taɓa albarushin, shi ke nan, sanda ce a hannunsa. Ga tsada, ga nisan kasuwa. Ita kuwa kibiya, maƙerin ƙauye ne ke ƙera ta, dafinta na ƙwanƙwani yana daji, ba sai an jira fatake ba. Ba banza ba masu hikima suka raɗa wa wata bindigar suna harba-ka-ruga.

Wannan batu ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Rano tsohuwar daula ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Amma a ƙarni na 19 ta zama bakin daga. Wajen 1846 Malam Hamza da mabiyansa suka bar Tsakuwa saboda rigimar haraji, suka shiga duwatsun Ningi, kuma daga nan har zuwan Turawa kudancin Kano bai yi barci da ido biyu ba. Zamanin Ɗan Maje da waɗanda suka biyo bayansa, Ningawa kan faɗo da rani su kwashi mutane da dabbobi su koma dutse kafin gudummawa ta iso daga birni. Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855-1882) ya sha fita da kansa saboda su. Abin da ya tsare manomin karkara a waɗannan shekaru shi ne ganuwa da sarƙaƙiyar ƙaya da duwatsun da Allah ya zuba mana a wannan yanki, sai kuma kwarin da ke rataye a ɗakinsa. Mu da ɗaya daga cikin garuruwanmu ake kiransa Kibiya bai kamata a tuna mana wannan ba.

Bindiga ba ta fara yawa ba sai a kashi na biyu na ƙarnin, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, har ana zuba masa igwa a cikin Zinder. Sarakunan Kano ma suka shiga saye, amma suka yi wata dabara wadda ita ce zuciyar wannan tarihi: ba su ba hakimai ko talakawa ba, sai bayin sarki, waɗanda ke ƙarƙashin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Bawa ba shi da haƙƙin gadon sarauta, saboda haka bindiga a hannunsa ƙarfin sarki ce. In da a hannun ɗan sarki take, da barazana ce. Yaƙin Basasa (1893-1895) tsakanin Tukur da Yusufawa ya ƙara wa 'yan bindiga daraja, kuma Sarki Alu da ya fito daga cikinsa da nasara har yau Alu Maisango ake ce masa. Sango wani gajeren mashi ne da ake cusawa a bakin bindiga a harba, irin wanda maharban giwa ke amfani da shi.

To, amma a daidai lokacin da sarakunanmu ke tara adaka, Turawa sun riga sun rufe ƙofa. A taron Brussels na 1890 suka yarda a tsakaninsu cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani ba, sai dai masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a 1903. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da soja ɗari bakwai da wani abu, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu ya fasa Bebeji, wadda ke nan yamma da mu, ranar 3 ga wata ya shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Badalar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana ginawa ba ta yi yini guda ba.

Sai bayan da ta tashi daga zama makamin yaƙi ne adaka ta sauko hannun talaka. Turawa ba su ji tsoronta ba, suka bar ta da lasin. Maƙeranmu suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta ɗungurungum. Ta shiga farauta tare da karnuka da gora da barandami, ta shiga bukukuwa, a fada kuma ta zama ado. Ƙarar da 'yan bindiga ke yi a hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a Disamban 2024, saura ce ta rundunar Babba Zaki, sai dai yanzu hayaƙi ne kawai babu harsashi.

A cikin wannan zamani na Turawa ne wata irin bindiga ta shigo wadda ba ruwanta da albarushi sam, ita ce bindigar iska. Harbi da matsattsiyar iska ba sabon abu ba ne a Turai, don sojan Ostiriya sun riƙe irin ta Girandoni tun wajen 1780. Amma wadda ta bazu a duniya ita ce mai sifirin. Kamfanin Diana na Jamus, wanda aka kafa a Rastatt a 1890, da kamfanin BSA na Birmingham, wanda ya fara ƙera samfurin Lincoln Jeffries a 1905, su ne suka yi fice. Abin lura, Birmingham ɗin nan ita ce ta cika gaɓar Afirka ta Yamma da bindigogi masu ƙanƙara a zamanin cinikin bayi. Garin da ya sayar wa kakanninmu abin kama mutum shi ya dawo yana sayar wa jikokinsu abin harbin kurciya.

Akwai guda a gidanmu, Diana, wadda kawuna ya saya hannu na biyu lokacin da yake aiki a birni, kuma a kanta na koyi saiti. Aikinta mai sauƙin ganewa ne. Za ka karya bututun ƙasa, wannan karyawa ita ke danne sifirin ta ja fistin baya har kunama ta riƙe shi. Ka sa ƙwayar darma guda, mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5, ka mayar da bututun. Da ka taɓa kunama sai sifirin ya tunkuɗa fistin, fistin ya matse iska, iska ta fitar da ƙwayar. Ba wuta, ba hayaƙi, sai wata 'yar ƙara kamar an ja ƙyauren langa-langa. Amma tana da hali. Tun ƙwayar ba ta bar bututu ba bindigar ta riga ta motsa, saboda haka wanda ya ƙanƙame ta da ƙarfi ba zai sami komai ba. Sai ka ɗora ta a tafin hannu sakwa-sakwa, ka bar ta ta yi rawarta, kuma kullum riƙo iri ɗaya. Kawu yakan ce da ni, "Kai yaro, ba kokawa kake da ita ba, lallashinta za ka yi." Doka biyu ya kafa mini: kada in harba ta babu ƙwaya a ciki, domin fistin zai daki ƙarfe ya lalace, kuma kada in ɗiga mata man keke a ramin iska, domin zafin matsi yana kunna shi. Bakin fistin na tsofaffin fata ne, shi ya sa da ta bushe wani baduku a kasuwar Rano ya yanka mata sabuwa daga ƙirgi, ta ci gaba da aiki. A Ingila da Jamus masu sha'awa suna tara irin waɗannan, suna duba lambar jikinsu don sanin shekarar ƙira. Mu a nan tsatsa ke cin su a bayan ƙyaure, alhali ko Gidan Makama ya dace da guda, gama su ma shaida ce ta zamanin ma'aikatan En'e da malaman makaranta, masu albashin da zai iya sayen abin da ba ya noma ba ya kiwo.

Ƙarfinta bai wuce kurciya da hasbiya da ɓera a taki talatin ba, ko da yake tana tsiyayar da ido, don haka ba abin wasan yara ba ce. Duk da haka Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora ta sama da adaka. Dokar ta kasa bindigogi gida uku: na soja, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na ƙashin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasinsu, kuma a nan aka sa bindigar iska tare da ta harbin tsuntsu mai harsashi, sai na ƙarshe, masu ɗuri ta baki irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ya isa ya ba da izininsu. A idon doka, adaka ita ce autar bindigogi.

Amma idon doka daban, idon mutanen da tsoron masu satar mutane ya cika daban. Ranar 27 ga Maris 2025, saura kwana uku ƙaramar salla, wata babbar mota ta taso daga Fatakwal ɗauke da mafarauta 'yan ƙasar Kano masu komawa gida. A Uromi ta Jihar Edo 'yan sintiri suka tsayar da ita, suka ga adaka a ciki, aka yi kururuwa cewa an kama masu garkuwa da mutane. Taron jama'a ya kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Da yawansu mutanen Bunkure ne, wadda ita da Rano da Kibiya suke cikin masarauta guda. A can Uromi aka yi musu sutura, iyalansu suka karɓi gaisuwa ranar salla.