Agogon lilo: yadda maƙera suka yi fama da zafi

Agogon lilo shi ne wanda ake rataya wa sandar ƙarfe mai nauyi a ƙasa, tana kai da komo, kowane zuwa yana ƙirga lokaci. Masanin ƙasar Holan Christiaan Huygens ya ƙirƙiro shi a 1656. Kafin nan agogo kan yi kuskuren wajen minti 15 a yini. Nasa ya mayar da shi daƙiƙa 15.

Sirrin yana ga tsawon sandar. Mai santimita 99 da ɗoriya tana zuwa ɗaya a daƙiƙa guda. To amma ƙarfe yakan miƙe da zafi: digiri ɗaya ya ƙaru, agogo ya yi lattin kusan rabin daƙiƙa a yini. Ga masu duban taurari, wannan babbar ɓarna ce.

A 1721 George Graham na Landan ya sa tulun zaiba a madadin nauyin. Sanda na miƙewa ƙasa, zaiba na hawa sama, sai su kashe juna. John Harrison ya jera sandunan ƙarfe da tagulla. A 1896 Charles Édouard Guillaume ya haɗa ƙarfe da nikel ya sami invar, wanda zafi bai cika motsa shi ba, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1920.

Ƙololuwar sana'ar ita ce agogon Shortt na 1921 a Ingila, mai lilo cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Kuskurensa kusan daƙiƙa ɗaya ne a shekara. Agogon kwartz ya karɓe matsayinsa a shekarun 1940.