ALBASHIN MA'AIKACI A RASHA: WAIWAYE KAN SHEKARU 140 NA GUMI DA RUBUL

 

Daga bara zuwa bana samarinmu da dama sun yi sallama a zauren Mai Girma Sarkin Hausawa, kowanne da wayarsa a hannu, yana nuna mana tallar aiki a ƙasar Rasha. An rubuta albashi da rubul, kuɗin ƙasar, su kuma su juya shi zuwa kuɗinmu, sai ido ya rufe. Abin da suke nema shi ne takardar shaida da albarkar dattawa. Mu da muke riƙe da alƙalamin zauren muka ga bai dace mu ce wa yaro "je ka" ko "kada ka je" a kan jahilci ba. Shi ya sa muka koma ga tarihi, tunda waiwaye adon tafiya ne. Abin da muka tarar shi ne, ma'aikacin Rasha da kansa ya shafe fiye da ƙarni guda yana koyon darasi ɗaya: adadin da aka rubuta masa a takarda daban, abin da ke shiga tukunyarsa daban.

ZAMANIN SARAKUNA

A 1861 Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta manoman da ake gadonsu tare da gona kamar sauran dukiya. Sai dai an ɗora musu biyan kuɗin filin da aka yanka musu har tsawon shekaru 49. Wannan bashi da ƙarancin ƙasar noma suka riƙa kora mutanen ƙauye zuwa masaƙu da ramukan ma'adinai. A can babu tsayayyar ranar biya. Wani mai masana'anta sai lokacin manyan bukukuwa yake sallamar ma'aikata, kafin nan kuwa su ci bashin gari da gishiri a kantinsa, a farashin da ya ga dama. Ga kuma tara: wanda ya makara tara, wanda zarensa ya tsinke tara.

A Janairun 1885 tura ta kai bango a masaƙar attajiri Morozof da ke gabas da Mosko. An rage albashi sau biyar cikin 'yan shekaru, tara kuma tana cinye rubu'in ladan masaƙi, wani lokaci har kusan rabi. Ma'aikata kimanin dubu 8 suka ajiye aiki. Sojoji sun murƙushe yajin, amma a shekara mai bi, 1886, gwamnati ta yi doka: a ba kowane ma'aikaci littafin lissafin albashinsa, a biya shi da tsabar kuɗi a kan kari, tara kada ta wuce sulusin abin da ya samu. A 1897 aka ƙayyade aikin yini a sa'o'i goma sha ɗaya da rabi, kuma a wancan zamani ana ganin wannan sassauci ne.

Doka a takarda ba ta kai ko'ina ba. A Janairun 1905 dubban ma'aikata suka nufi fadar sarki a birnin San Fitasbag da takardar koke, wani limamin coci mai suna Gapon yana gabansu. Cikin abin da suka roƙa akwai aikin sa'o'i takwas, da rubul ɗaya a yini ga lebura. Aka amsa musu da harsashi, fiye da mutum ɗari suka faɗi. A Afrilun 1912 haka ta sake faruwa a mahaƙar zinariya ta kogin Lena, can cikin Saibiriya, inda ake biyan wani ɓangare na lada da takardar da ba a karɓa sai a kantin kamfani, kantin kuma yana sayar da ruɓaɓɓen nama. Sojoji suka kashe fiye da mutum 150. A 1913, jajibirin Yaƙin Duniya na Farko, matsakaicin albashin ma'aikacin masana'anta bai wuce kimanin rubul 22 a wata ba. Yaƙin ya zo da tsadar da ta lashe wannan ɗan abin, kuma matan masaƙa da suka gaji da layin burodi ne suka kunna wutar da ta kawar da sarautar a 1917.

GWAMNATIN DA TA CE TA MA'AIKATA CE

'Yan gurguzu sun hau mulki da sunan ɗan ƙwadago, kuma kwanaki kaɗan bayan hawansu suka tabbatar da aikin sa'o'i takwas. Amma daga nan mai ba da aiki ya zama ɗaya tak, wato gwamnati. Ita ke yanke albashi, ita ke yanke farashi, ƙungiyar ƙwadago ma a hannunta take. A 1931 Istalin ya soki daidaita albashi tsakanin ma'aikata, aka koma biyan mutum gwargwadon abin da ya sarrafa. A 1935 aka shelanta cewa wani mahaƙi mai suna Istahanof ya haƙo tan 102 na kwal a zama ɗaya, ninki 14 na abin da aka gindaya. Shi ya sami gida da lambar yabo. Sauran kuwa aka ɗaga musu ma'aunin aiki, wanda ya kasa cikawa ladansa ya ragu.

A 1940 barin aiki ba da izini ba ya zama laifin da kotu ke hukuntawa. Wanda ya makara fiye da minti 20 ana iya yanke masa aikin horo na wata shida, a zaftare masa har rubu'in albashi. Sai a 1956 aka janye wannan doka. Kowace shekara kuma akan matsa wa ma'aikaci ya ranta wa gwamnati kusan albashin wata guda, a ba shi takardar lamuni. A 1957 Kurushof ya sanar da ɗage biyan waɗannan basussuka da shekaru 20. Manoman gonakin haɗin gwiwa sun fi kowa shan wuya: ana ja musu layi a littafi kan kowace ranar aiki, a ƙarshen shekara a raba musu abin da ya rage bayan gwamnati ta kwashi nata. Sai a 1966 aka tabbatar musu da albashin kuɗi.

Wanda yake son ganin yadda wannan tsari yake ɗaukar kukan ma'aikaci, ya dubi garin Nobocerkas. Ranar 1 ga Yunin 1962 aka ƙara farashin nama da kashi 30 cikin ɗari, na man shanu da kashi 25, a daidai lokacin da aka rage wa ma'aikatan masana'antar kawunan jiragen ƙasa ta garin ladan aikinsu. Suka fito. Washegari sojoji suka buɗe wuta, fiye da mutum 20 suka mutu, aka binne su a ɓoye, daga baya aka yanke wa bakwai hukuncin kisa. Kusan shekaru 30 maganar tana rufe.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 ma'aikacin Tarayyar Sobiyet ya sami kwanciyar hankalin da kakanninsa ba su taɓa sani ba. Matsakaicin albashi ya kai kimanin rubul 122 a 1970, rubul 169 a 1980, rubul 190 a 1985, kuma ba ya makara. Kuɗin haya ɗan kaɗan ne, makaranta da asibiti kyauta, shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kofek biyar, wato kashi biyar cikin ɗari na rubul guda. Mahaƙin kwal ya fi likita da malamin makaranta albashi. Matsalar ita ce kuɗin na aljihu, kayan kuwa babu su a kanti. Ƙaramar mota ƙirar Zhiguli ta haura rubul dubu 5, albashin shekaru ke nan, kuma ko mutum ya tara sai ya yi shekaru yana jiran sunansa ya fito. Da mahaƙan yankin Kuzbas suka shiga yajin aiki a Yulin 1989, cikin buƙatunsu har da sabulun da za su wanke baƙin kwal daga jikinsu. Abin da mutane ba su iya kashewa ba, sai suka riƙa zubawa a bankin ajiya na gwamnati domin tsufa da jana'iza.

RANAR DA AJIYA TA NARKE

Tarayyar Sobiyet ta rushe a Disambar 1991. Ranar 2 ga Janairun 1992 gwamnatin Yelsin ta saki farashi, kuma kafin shekarar ta ƙare kaya sun ninka kimanin sau 26. Dattijon da ya tara kuɗin mota cikin shekaru ashirin ya wayi gari ajiyarsa ba ta sayen takalmi. Dattawanmu da suka ga Janairun 1994, lokacin da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya, sun san ɗanɗanon abin, sai dai na Rasha ya ninka namu nesa ba kusa ba.

Bayan haka sai wata masifa ta biyo, wadda ta tuna wa mutane zamanin Morozof: a yi aiki, a ƙi biya. Malamai da likitoci da mahaƙa sukan yi wata uku, wata shida, babu ko kofek. Wasu masana'antu suka koma biya da abin da suke ƙerawa. Mai aikin tangaran a ba shi kofuna, mai aikin taya a ba shi taya, ya tsaya bakin hanya ko tashar jirgi yana talla cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. A Mayun 1998 mahaƙan kwal suka zauna a kan layin dogon da ya ratsa Saibiriya, suka tsayar da jirage, daga baya wasunsu kuma suka yi sansani a gaban gidan gwamnati a Mosko suna buga hulunan ƙarfensu a ƙasa. Ranar 17 ga Agustan shekarar gwamnati ta ce ba za ta iya biyan basussukanta na cikin gida ba. Dalar da ake saye rubul 6 ta haura rubul 20 cikin makonni. A 1999 matsakaicin albashi ya tsaya kimanin rubul 1,500, abin da bai fi dala 60 da 'yan kai ba.

Daga 2000 farashin man fetur ya tashi, albashi ya bi shi. A 2008 ya kai kimanin rubul dubu 17, kusan dala 700. A 2013 ya kusa rubul dubu 30, sama da dala 900. Sai a ƙarshen 2014 man ya faɗi, takunkumi ya zo, rubul ya rasa kusan rabin darajarsa. Adadin da ke kan takarda bai ragu ba, amma abin da yake saya daga kayan waje ya ragu ƙwarai.

ADADIN DA AKE NUNA WA YARANMU

Hukumar ƙididdiga ta Rasha ta ce matsakaicin albashin 2024 ya kai kimanin rubul dubu 88 a wata, kwatankwacin dala 950. Gaskiya ne albashi ya ƙaru, domin yaƙin Yukiren ya kwashe maza daga wuraren aiki, masana'antun makamai kuma suna neman hannu. Amma kalmar "matsakaici" tana buƙatar fassara. A ɗauka mutum goma suna zaune a zaure, tara kowanne na samun 50, na goma yana samun 550. Mai lissafi zai ce matsakaicinsu 100 ne, alhali tara daga cikinsu ba su taɓa riƙe 100 ba. Haka abin yake a can. Idan aka jera ma'aikata daga na ƙasa zuwa na sama, na tsakiyar layin bai kai rubul dubu 60 ba a shekarar. Mafi ƙarancin albashi kuwa a 2024 rubul 19,242 ne. Duk waɗannan kafin a cire harajin kashi 13 cikin ɗari ne.

Wuri ma yana da tasiri. Mosko da yankunan mai da iskar gas na arewa mai tsananin sanyi suna samun kusan ninkin matsakaicin ƙasa, haya da abinci kuma suna cin rabonsu. Jamhuriyoyin Musulmi na Ingushetiya da Ceceniya da Dagistan suna samun kusan rabinsa. Baƙo kuwa a bayan ɗan ƙasa yake. Miliyoyin 'yan ci-rani daga Uzbekistan da Tajikistan da Kirgistan su ne ke share tituna da ɗaukar siminti, da yawansu suna jin yaren Rasha, amma duk da haka kukan hana su lada bai ƙare ba. To ina ga yaron da bai san ko harafi ɗaya na rubutunsu ba?

Akwai aiki ɗaya da ke biyan talaka kimanin rubul dubu 200 a wata, shi ne sa hannu a kwantiragin soja. An sha ba da labarin 'yan Afirka da aka ɗauka da sunan aiki ko karatu, suka tsinci kansu a fagen daga ko a masana'antar jiragen yaƙi marasa matuƙa. Duk tallar da ta yi wa wanda ba shi da sana'a alkawarin abin da injiniyan Rasha ba ya samu, to a tambayi me za a karɓa a madadinsa.

Ba mu hana kowa neman arziki ba, domin kakanninmu ma fatauci ne ya kawo su inda muke zaune yau. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk yaron da zai zo zaure neman takarda, ya zo da kwantiragin a rubuce, wanda ya san yaren ya karanta masa. Ya san ranar biya, da abin da za a zaftare, da kuɗin ɗaki da abinci, da wanda zai riƙe fasfonsa, da ko yana da ikon ajiye aikin ya dawo gida in abin bai yi ba. Masaƙan 1885 da mahaƙan 1998 'yan ƙasa ne, a kan irin waɗannan tambayoyi suka sha duka da yunwa.

Mu kuma da muke da yara a shago da gareji da gona, kada mu karanta wannan mu yi tir da Rasha alhali haƙƙin wani yana kwana a aljihunmu. Addininmu ya tsananta a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago, kuma da yawa daga masu hangen waje jinkirin gida ne ya kora su.

Allah ya tsare mana zuriya, ya ba su halal mai albarka a duk inda take.